Gafara Sa, Ba Mu Ga Ƙaho Ba: Kuɗinmu a Wasannin da Aka Ƙi Kammalawa

Baban Ilham, Agege:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so mu tattauna ta cikin natsuwa, domin na san ba ni kaɗai ta shafa ba. A shekarar 2019, lokacin da dala take wajen naira 360, na zuba dala 60 a karo-karon wani wasan kwamfuta da wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje ya yi alkawarin kammalawa cikin shekara biyu. Wasa ne na fatauci da gina gari, inda mutum zai mallaki fili, ya yi noma, ya yi safarar kaya daga wannan gari zuwa wancan, kuma abin da ya ja ni ke nan, saboda aikina a Apapa bin takardun kaya ne, kullum ina cikin lissafin mota da kwantena. Har yau ina tuna daren da na biya. Ina zaune a kan benci a ƙofar shagon maƙwabcina, domin janaretansa kaɗai ke aiki a layinmu, na shigar da lambobin katin banki har sau uku kafin kuɗin su fita, da saƙon godiya ya shigo kuwa sai na ji daɗi kamar wanda ya biya kafin alƙalami na fili a gida.

Shekara guda bayan haka, wasan bai fito ba, amma sai suka buɗe kanti a cikin ɗan ɓangaren gwajin da suka ba mu. Suka fara sayar da dawakai, da filaye a bakin kogi, da rumbunan ajiya, suna cewa adadinsu ƙayyadadde ne, wanda bai saya yanzu ba zai rasa. Na sayi fili da doki da rumbu, na ƙara kashe dala 85. Yau ga halin da ake ciki: a cikin garuruwa goma sha biyu da suka nuna mana a taswira, ɗaya kacal ake iya shiga, kogin da filina yake bakinsa ba a gina shi ba tukuna, dokin kuma yana nan a jerin kayana amma ba a hawansa. Duk bayan 'yan watanni sukan saki sabuntawa mai cin data mai yawa, in sauke ta da dare, in shiga, wasan ya rufe kansa bayan minti ashirin. Abu ɗaya ne bai taɓa samun matsala ba a duk waɗannan shekaru, shi ne kantin. Yana buɗewa nan take, kuma kowane wata akwai sabon abin sayarwa.

Abin da nake so mu duba shi ne wannan: jinkiri kaɗai ba ya ƙona mini rai, kowa ya san aiki yakan ɗauki lokaci. Abin da nake gani kuskure ne babba shi ne a bar kamfani ya riƙa sayar da kaya a cikin wasan da bai kammala ba, domin daga ranar da kuɗi suka fara shigo masa ta wannan ƙofa, ba shi da sauran dalilin da zai sa ya yi gaggawar cika alkawarin farko.

Mai Gidan Gem, Alaba Rago:

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Allah ya mayar maka da alheri. Abin da ka bayyana a ƙaramin sikeli yake, amma babban misalinsa a duniya shi ne Star Citizen, kuma duk wanda ke harkar gem, wato wasannin kwamfuta da waya, ya san labarinsa. Chris Roberts, wanda ya yi suna da Wing Commander tun 1990, ya buɗe karo-karo a watan Oktoban 2012, ya tara sama da dala miliyan 2 a shafin karo-karo na intanet mai suna Kickstarter kaɗai, aka sa wa masu gudunmawa Nuwamban 2014 a matsayin lokacin da za su karɓi wasan. Kamfaninsa, Cloud Imperium Games, ya ci gaba da karɓar kuɗi a shafinsa ta hanyar sayar da jiragen sararin samaniya na cikin wasa, har jimillar ta haura dala miliyan 800 a 2025, alhali wasan yana matakin gwaji. Akwai jiragen da aka sayar tun suna zane, kafin a gina su. A farkon 2024 ma sun fito da wani ƙunshi na jirage a kan dala 48,000. Ɓangaren labari na mutum ɗaya, wato Squadron 42, an taɓa sa masa 2016 a matsayin lokacin fitowa, daga baya a Oktoban 2024 aka sanar da 2026. Yaron da aka haifa ranar da aka fara karo-karon ya riga ya shiga sakandare.

Injiniya, Yaba:

Baban Ilham, na tausaya maka ƙwarai, kuma ba zan kare kamfanin da ya yi maka haka ba. Sai dai a matsayina na wanda yake cin abinci da rubuta manhaja, ina so in faɗi ɓangaren da mai biyan kuɗi ba ya gani. Aikin manhaja ya sha bamban da ginin bulo, inda magini zai ƙirga siminti da rodi ya faɗa maka ranar da zai sa kwano. Sau da yawa sai ka yi nisa sannan ka gano cewa harsashin da ka ɗora aikin a kai ba zai ɗauki nauyin abin da ka yi alkawari ba, dole ka rushe ka sake, kuma duk watan da ya wuce akwai albashin ma'aikata da hayar ofis da kuɗin manyan kwamfutocin da wasan ke gudana a kansu. Kuɗin karo-karo kuwa sau ɗaya suke shigowa. Idan sun ƙare kafin aiki ya ƙare, zaɓi biyu ne ya rage, ko a rufe kamfani kowa ya yi asara, ko a nemo wata ƙofar samun kuɗi. Kantin da kake ƙorafi a kai, a wasu lokuta shi ne abin da ya hana a kulle ofis gaba ɗaya.

Wani abin kuma da mutane ba sa lura da shi, yawan kuɗi kansa yakan zama matsala. Tim Schafer na kamfanin Double Fine ya nemi dala 400,000 a 2012, jama'a suka ba shi sama da miliyan 3, sai ya faɗaɗa aikin har kuɗin suka gaza, dole ya raba wasan Broken Age gida biyu, ya saki rabin farko a 2014, rabi na biyu a 2015. Amma dai ya kammala. Pillars of Eternity ya tara kusan dala miliyan 4 a 2012, ya fito a 2015, mutane suka yaba. Hollow Knight kuwa wasu 'yan tsirarun mutane ne a birnin Adelaide na Ostireliya suka yi shi da gudunmawar da ba ta wuce dalar ƙasarsu 57,000 da 'yan kai ba a 2014, ya fito a 2017, ya zama ɗaya daga cikin wasannin da aka fi so. Da babu karo-karo, da manyan kamfanoni ba za su taɓa kallon irin waɗannan ayyuka ba. Don haka ina roƙon kada mu yi wa tsarin kuɗin goro.

Baban Ilham, Agege:

Na gode, Injiniya, Allah ya ƙara basira. Amma ka lura, misalin da ka kawo na ƙarshe ni yake goyon baya. Mutanen Hollow Knight sun sanar da ci gabansa, Silksong, a farkon 2019, kuma bai fito ba sai Satumban 2025. Sama da shekara shida ke nan mutane suna jira, wasu har sun fitar da rai. To, a duk tsawon wannan lokaci, sun sayar wa wani da takobi ko riga a cikin wasan da bai fito ba? Ba su yi ba. Sun yi aikinsu, da suka gama suka sa masa farashin dala 20, waɗanda suka ba da gudunmawa tun farko kuma aka ba su kyauta. Jinkirin a kansu nauyinsa yake, don haka suna da dalilin gamawa.

Ka ɗauki tela a nan Agege ana saura wata guda Sallah. Ka kai masa shadda, ka biya kuɗin ɗinki, Sallah ta zo ta wuce bai ɗinka ba. Idan ya ba ka haƙuri ya ce keke ya lalace, za ka iya yi masa uzuri. Amma idan duk zuwan da ka yi sai ya nuna maka sabon zanen aiki ya ce ka ƙara kuɗi zai sa maka a wuyan rigar da ko yankawa bai yi ba, kuma ka ga haka yake yi wa mutum ɗari, ai ka san ya daina sana'ar ɗinki, ya koma sana'ar karɓar kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maman Hanif, Idi-Araba:

Assalamu alaikum. Ni ba mai buga gem ba ce, malamar makaranta ce, amma maganar sayen kaya a cikin wasa ta shigo har cikin ɗakina, shi ya sa na ga ya dace in sa baki. Ɗana mai shekara goma sha uku yana buga wani wasan harbe-harbe a wayata bayan ya gama aikin gida. A watan da ya wuce na je cire kuɗin cefane a wurin mai POS, aka ce kuɗina ba su kai ba. Da na duba saƙonnin banki sai na ga an tura kuɗi sau bakwai cikin mako uku zuwa asusun wani mutum da ban sani ba, naira dubu huɗu, dubu shida, dubu tara, jimilla dubu arba'in da uku. Yaron ya haddace lambobin sirrina ne ta hanyar kallon yatsuna. Da na zaunar da shi, sai ya fashe da kuka, ya ce lu'ulu'un cikin wasan yake saya a wurin wani mai sayarwa da abokansa suka haɗa shi da shi, kuma da lu'ulu'un ake juya wata ƙafar sa'a domin a sami wata rigar soja da kowa a ajinsu yake da ita. Na ce ya nuna mini rigar. Ya buɗe wasan, ya nuna mini huluna da jakunkuna da fentin bindiga, amma rigar da ya kashe kuɗin dominta ba ta fito masa ba.

Laifin ɗaukar kuɗi nasa ne, kuma mahaifinsa ya hukunta shi, laifin sakaci da waya kuma nawa ne. Amma ina tambayar ku masu sanin harkar, wane irin ciniki ne wannan da yaro zai biya kuɗi sau bakwai ba tare da ya sami abin da yake nema ba, kuma wasan ya riƙa nuna masa agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rigar ta ɓace? Yaron da ko kasuwar Mushin ban yarda ya je shi kaɗai ba, ga shi an kawo masa wannan har kan gadona.

Ɗan Auta, Obalende:

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya shirya mana shi. Ina so dai in yi wa iyayena da yayyena na zaure bayani daga ɓangarenmu matasa. Yawancinmu ba mu da kwamfuta mai ƙarfi ko na'urar PlayStation, waya ce kawai, kuma wasannin da muke bugawa kyauta ake sauke su. Da a ce sai an biya dala 70 kafin a shiga, kamar yadda ake sayar da manyan wasanni yanzu, da babu ɗayanmu da zai taɓa bugawa, musamman tun da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Masu sayen riguna su ne suke ɗauke wa sauran nauyi. Ni a ganina idan aka rubuta farashi a fili, aka ce wannan riga naira kaza ce, ka biya ka karɓa, kuma ba ta ƙara wa mai ita ƙarfi a kan abokin karawarsa, babu zalunci a ciki. Inda na yarda da Hajiya shi ne maganar ƙafar sa'a da akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba.

Mai Gidan Gem, Alaba Rago:

Ɗan Auta ya raba zare da abawa, kuma haka ya kamata a yi. Ni ina ganin abin da idona kullum. Yaro mai turin baro a kasuwa zai wuni yana ɗaukar buhunan albasa, da yamma ya zo ya zauna a bencin shagona da wayarsa, ya zuba rabin abin da ya samu a buɗe katunan 'yan ƙwallo, yana fatan wani shahararren ɗan wasa ya fito masa. Idan bai fito ba, sai ka ga ya yi shiru yana kallon ƙasa, can kuma ya ce bari ya gwada sau ɗaya tak. Wannan kalma ta "sau ɗaya tak" na ji ta a bakin masu buga naira bet a shagon da ke kallon nawa, kuma yanayin fuskar iri ɗaya ne. Daɗin daɗawa, a wasu wasannin ƙwallon da ake sabuntawa duk shekara, ƙungiyar da mutum ya gina da kuɗinsa ba ta bin sa zuwa sabon fitowa, sai ya faro daga tushe.

Ina kuma so a tuna cewa idan 'yan wasa suka haɗa murya, kamfanoni suna ji. A ƙarshen Satumban 2021 kamfanin Konami ya saki wasan ƙwallo na eFootball 2022 ba tare da an kammala shi ba, fuskokin 'yan wasa a karkace, jama'a suka yi ca. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ya soke wani ƙunshin 'yan wasa da ya riga ya fara sayarwa kan kusan dala 40, ya mayar wa mutane kuɗinsu, ya ɗage cikakken fitowar zuwa Afrilun 2022. Haka ma a 2017 ƙorafin jama'a ya tilasta wa kamfanin EA dakatar da sayayya a cikin Star Wars Battlefront II ana gab da fitowarsa.

Malam na Mile 12:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne, matsalar da kuke tattaunawa sabuwa ce a sura, amma malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa mata ma'auni. Biyan kuɗi kafin a karɓi kaya ba haramun ba ne a kan kansa. Akwai cinikin salam, wanda manoma da 'yan kasuwa suke yi tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya iso Madina ya tarar mutane suna biyan kuɗin dabino tun kafin shekara ɗaya ko biyu, bai hana su ba, sai dai ya gindaya sharaɗi, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas a Bukhari da Muslim, cewa ya kasance da mudu sananne, da awo sananne, zuwa wa'adi sananne. Mu nan kasuwar Mile 12 da wannan muke aiki. Dillali yakan ba manomin tumatir a Kadawa kuɗi tun shuka, amma an san kwando nawa ne, an san irin tumatirin, an san lokacin da mota za ta taso.

Yanzu ku auna abin da ya sami Baban Ilham da wannan ma'auni. Filin da ya saya a bakin kogin da ba a gina ba, an siffanta masa shi siffa tabbatacciya, ko kuwa kamfanin ya ajiye wa kansa ikon canza komai? Wa'adin kuma, an yanka shi, ko kuwa duk shekara ana matsar da shi ba tare da mai kuɗi yana da ta cewa ba? Idan siffa ta ɓace, wa'adi ya ɓace, to an faɗa cikin garari, wato cinikin da ba a san ƙarshensa ba, irin wanda littattafai ke misaltawa da sayar da tsuntsu a sama ko kifi a ruwa, mu kuma Hausawa muke kira cinikin biri a sama. Game da abin da Hajiya ta faɗa kuwa, mutum ya ba da kuɗi tabbatattu domin abin da sa'a ce kaɗai za ta yanke ko zai samu, wannan ita ce siffar caca, ko da an yi mata ado da launuka da kiɗa.

Injiniya, Yaba:

Allah ya saka da alheri, Malam. Ina da tambaya guda, domin a nan ne kamfanonin suke fakewa. Suna cewa kuɗin karo-karo ba ciniki ba ne, gudunmawa ce, kamar yadda za a yi karo-karo a unguwa domin haƙa rijiyar burtsatse, idan aka haƙa ba a sami ruwa ba, ba wanda zai ce a biya shi. Kickstarter da kansa ya daɗe yana nanata cewa shi ba kanti ba ne. A kan dala 60 na farko da Baban Ilham ya bayar, ina ganin wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, tunda ya san akwai yiwuwar aikin ya gaza. Amma na sake tunani a kan dala 85 na baya, kuma a nan dole in sauka daga matsayina. Ba za ka rubuta farashi a jikin doki, ka ce saura guda hamsin, ka sa maɓallin saya, sannan idan an tambaye ka dokin ka ce ai kyauta aka ba ka ba.

Malam na Mile 12:

Ka riga ka ba kanka amsa, Injiniya. A mu'amala ana duba haƙiƙar abin da aka ƙulla, sunan da aka laƙaba masa ba ya canza hukuncinsa. Ko a rijiyar unguwa ma, wanda aka damƙa wa kuɗi amana ce a hannunsa, wajibi ne ya fito da lissafi.

Barista, Ikeja:

Na gaishe da Malam da sauran manya. Bari in ƙara da ɓangaren doka, domin mu san iyakar abin da ke hannunmu. A ƙa'idojin Kickstarter, yarjejeniyar tana tsakanin mai aikin ne da mai gudunmawa, shafin yana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka tara, amma ba ya ɗaukar alhakin mayar da kuɗi. Ƙa'idar ta ce idan mai aiki ya gaza, wajibi ne ya yi bayanin inda aka tsaya, ya nuna yadda ya kashe kuɗin, ya kuma mayar da abin da ya rage. Matsalar ita ce, wa zai tilasta masa? Mutumin da ke Agege ba zai ɗauki lauya a wata ƙasa a kan dala 145 ba, kuma kamfanonin sun san da haka. Muna da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, kuma dokar ta ba mai saye haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa idan ba a ba shi abin da ya biya ba, sai dai aiwatar da ita a kan kamfanin da ba shi da ofis ko wakili a Najeriya abu ne mai wuyar gaske.

Tarihin harkar cike yake da irin wannan. Peter Molyneux ya tara sama da fam 500,000 a ƙarshen 2012 domin wasan Godus, aka saki nau'in waya mai kantin sayayya a 2014, amma na kwamfuta bai taɓa fita daga matakin gwaji ba har aka cire shi daga shagon sayar da wasanni na intanet mai suna Steam a ƙarshen 2023. Wasan Chronicles of Elyria ya sayar wa mutane sarautu da filaye na miliyoyin daloli, sannan a Maris na 2020 aka sallami ma'aikata.

Inda aka ga sauyi shi ne inda hukuma ta shiga. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, kamfanoni da dama suka cire su a ƙasar. A Disamban 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa Epic Games, masu Fortnite, su ware dala miliyan 245 domin mayar wa mutanen da aka tsara maɓallan wasa ta yadda za su saya ba da niyya ba, cikinsu har da iyayen da yaransu suka kashe kuɗi ba da izini ba. Shawarata ga mai son sayen wasan da ke matakin gwaji ita ce ya bi ta shagon da ke da ƙa'idar mayar da kuɗi a rubuce. Steam, misali, yana mayarwa idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga wasan ya kai awa 2 ba.

Alhaji Mai Canji, Agege:

Ni duk wannan bayani bai nuna mini bambancinsa da MMM da ta cinye kuɗin mutane a ƙarshen 2016 ba. An yi maka romon baka, ka zuba kuɗi, ka jawo abokanka, a ƙarshe ka tashi a tutar babu.

Injiniya, Yaba:

Ranka ya daɗe, akwai bambanci, kuma adalci ne a faɗe shi. MMM ba ta ƙera komai, kuɗin na baya ake ba na gaba. Waɗannan kamfanoni kuwa da yawansu suna da ma'aikata na gaske da suke aiki dare da rana, kuma sau da yawa su ma'aikatan ne suke shan zagin jama'a alhali shugabanni ne suka yi alkawarin da ba zai cika ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Star Citizen ma ana shiga ana bugawa, akwai masu jin daɗinsa a yadda yake. Inda kamannin yake shi ne a zuciyar wanda ya riga ya zuba kuɗi: yakan ji cewa idan ya daina yanzu, na baya sun tafi a banza, sai ya ƙara, har ya koma yana faɗa da duk wanda ya soki wasan.

Maman Hanif, Idi-Araba:

Barista, don Allah, ni akwai hanyar da zan bi in dawo da nawa?

Barista, Ikeja:

Hajiya, gaskiya hanyar a ƙuntace take, saboda kuɗin ba ta shagon manhajar waya suka bi ba, an tura su ne kai tsaye zuwa asusun wani ɗan tsakiya, kuma da lambobin sirrinki aka tura, don haka banki zai ɗauka ke ce kika amince. Da ta Google Play aka saya, da akwai damar neman a mayar cikin awa 48. Abin da za ki iya yi yanzu shi ne ki tattara saƙonnin bakwai ɗin, mahaifin yaron ya kira mai asusun ya sanar da shi cewa da ƙaramin yaro ya yi ciniki, wasu sukan mayar da wani abu domin gudun magana. Sannan ki canza lambobin sirri a yau, ki sa wa manhajar banki buɗewa da zanen yatsa, ki kuma rage iyakar kuɗin da za a iya turawa a rana.

Baban Ilham, Agege:

Maganar Injiniya ta ƙarshe ta taɓa ni, domin ni ma na yi shekara biyu ina kare wasan nan a gaban abokaina, har na sa mutum biyu a wurin aikinmu suka saka kuɗinsu, kuma wannan ya fi asarar kuɗina yi mini ciwo. Akwai kuma wani tsoro da ban ambata ba. Wasan ba ya buɗewa sai da intanet, kuma mun ga yadda Ubisoft ya kashe The Crew a ƙarshen Maris na 2024, wasan da aka kammala aka sayar tun 2014, har abin ya haifar da yunƙurin Stop Killing Games, na neman a hana kamfanoni kashe wasannin da aka saya, wanda ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Idan wanda aka gama ma ana iya kashe shi, ina ga wanda ko rabi bai kai ba?

Jiya da dare na rubuta wa kamfanin wasiƙa, kuma bayan karanta bayanin Malam da na Barista zan sake tura wata. Ba zan nemi dala 60 na farko ba, na bar su a matsayin gudunmawar da na bayar da sanina. Zan nemi dala 85 na fili da doki da rumbu, zan kuma nemi su wallafa lissafin abin da kantin ya tara da ranar da za a buɗe gari na biyu. Barista, idan na tsara wasiƙar zan turo maka ka duba mini kafin in aika, kuma abokan aikina biyu sun ce za su sa hannu tare da ni.

Barista, Ikeja:

Turo ta, Yaya. Ka haɗo da rasit na kowace sayayya da hoton shafin da suka rubuta wa'adin shekara biyu, idan kana da shi, domin a kansa za mu gina buƙatar.